Ƙafafun Maestro Eudoro

Duk mai shago ko sito a birnin Barranquilla na bakin teku ya san rufin kwanonsa ba nasa ba ne shi kaɗai, shi da tsatsa suka haɗa. Iskar teku ta kwaso gishiri ta zube a kai, damina ta jiƙa, rana ta gasa, kafin ka ankara rufin da aka buga yana ƙyalli ya koma ja. Jar tsatsar nan ce ke ɗaga wa masu shaguna hankali, don ita ke zubar musu da mutunci a idon masu saye. Amma masu hawa rufi sun san ta sama ba ta kashe kowa. A kankare ta da buroshin waya, a shafa mata ruwan magani ta yi baƙi, a bi da jan fenti, magana ta ƙare. Mai kisa ita ce wadda ke cin kwano ta ciki, ta bar masa fuska lafiya lau.

Saboda ita ne ma'aikatan Maestro Eudoro Cassiani, wato ogan masu gyaran rufi, ba sa taka rufi sai shi ya riga su. Da sassafe, kafin kwano ya ɗauki zafi, zai cire takalmi a gindin tsani, ya hau, ya bi rufin layi-layi a hankali. Kwano mai lafiya yakan ture tafin ƙafa. Wanda aka cinye ta ciki kuwa sai ya ɗan lotsa, ya yi wani ɓurɓushi da kunne ba ya ji, sai fata. Inda ya ji haka sai ya ja da baya, ya tsoma sanda a bokitin farar ƙasa ya zana alamar gicciye. Inda babu alama, kowa ya taka da zuciya ɗaya. Igiya kuwa akwai ta, tana kwance a bayan mota, ana fito da ita ranar da aka ji masu dubawa na gwamnati za su zo. Yawancin rufin nan ma babu inda za ka ɗaura ta da zai riƙe ko akuya.

'Yarsa Omaira ce ke riƙe masa bokitin. A kan rufin mutane ta girma, ita ke haɗa magani da fenti, hannayenta duk sun tsattsage. Mijinta Nilson shi ne ƙarfin aikin, ƙato ne mai ɗaukar manyan bokitai biyu ya hau tsani yana fito. Sai Dagoberto, aminin Eudoro tun suna samari, wanda bakinsa ya fi hannunsa aiki. Nilson bai taɓa duban inda yake sa ƙafa ba. In an yi masa magana sai ya ce surukinsa ya riga ya duba masa, me zai wahalar da idonsa. A da Omaira tana jin daɗin maganar nan.

Wata Juma'a da safe, a rufin wani shagon tayoyi, bayan tsohon ya gama zagayensa ya sauka, ta ga jan ɗigo a kan kwano. Ta ɗauka fenti ne, ta sa yatsa ta ji ba shi ba ne. Ta bi ɗigon har ƙasan tsani, inda ta tarar da mahaifinta zaune a kan taya yana kurɓar baƙin kofi, shi da Dagoberto suna musun ƙwallo. Wani tsinin kwano ne ya shige masa diddige, ya yi ta yawo da shi.

Ta ce, "Baba, ɗaga ƙafarka."

Ya ce, "Wacce?"

Ta durƙusa ta kama ta hagun, ta zare tsinin. Ko motsi bai yi ba. Dagoberto ya leƙo ya riƙe baki. "Kai mutumina, wannan ƙafa ce ko kofaton jaki? In ka mutu ni dai a bar mini ita, in yi takalmi."

"Fatar aiki ke nan," in ji Eudoro. "Kai da ka saba da katifa ina za ka san ta."

Aka yi dariya, Nilson har da tafi. Omaira kaɗai ce ta lura da yadda mahaifinta ke kallon jinin, kallon abin da ba daga jikinsa ya fito ba.

Ranar Lahadi bayan an ci shinkafa da kwakwa da soyayyen kifi, Eudoro ya kwanta a ragarsa ta lilo ƙarƙashin mangwaro, ya ɗora rediyo a ƙirji. Omaira ta jawo kujera ta zauna wajen ƙafafunsa, wai za ta sake ɗaure ciwon. Allura ce a hannunta. Ta soka masa a babban yatsa, yana zagin ɗan wasan da ya zubar da ƙwallo. Ta soka a tsakiyar tafi, ta soka a ɗaya ƙafar, ta hau har idon sawu. Sai da ta kai ƙwauri sannan ya kai hannu ya mari wurin, yana cewa saurayen gidan nan ba su san Lahadi ba.

Ta ɗaga allurar ya gani. "Tun yaushe, Baba?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kashe rediyon. "Ciwon sugan nan ne. Da farko kamar tururuwa ke yawo a ciki. Yanzu tururuwar ma ta daina zuwa."

"To da me kake jin kwanon?"

"Da gwiwa. Da kunne. Ke kina tsammanin fata ce kawai ke aikin? Tun ba a haife ki ba nake hawa."

"Nilson inda ka taka yake takawa. Ido rufe."

"Ya taɓa faɗawa?"

"Sai ya faɗa tukuna?"

Ya yunƙura ya zauna, ragar tana lilo da shi. Muryarsa ta yi ƙasa. "Omaira, uwarki ta tafi. 'Yan'uwanki sun watse, sai Kirsimeti a ji muryarsu. Abin da ya rage da zai sa namiji ya cire mini hula a titi, ƙafar nan ce. So kike in koma bakin shago ina wasan domino da masu jiran mutuwa? Ki bar ni in gama siton takin nan na bakin kogi. Daga shi zan san yadda zan yi."

Ta san ƙarya ne. Kowane tsohon mai hawa rufi yana da rufin ƙarshe, kuma kullum shi ne na gaba. Duk da haka ta bar maganar a nan. Ba ta gaya wa Nilson ba, ta ce a ranta ai ba ya iya riƙe magana. Gaskiyar ita ce tsoro ta ji. Tana son mahaifinta, kuma ta san in maganar ta fita babu mai mayar da ita.

Siton takin zamani shi ne rufin da masu aikin nan suka fi ƙi. Tururin taki yakan tashi daga buhuna ya manne a cikin kwano, ya haɗu da laimar kogi, ya ci ƙarfe har da sandunan da ke riƙe da shi. Wannan kuwa dogo ne, in ka tsaya a cikinsa ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. Ƙasansa siminti ne, buhuna na jere a gefe guda.

Eudoro ya cire takalmi ya hau, Omaira na bayansa da bokiti. Farar ƙurar taki ta kwanta a kan rufin, raɓa ta jiƙa ta, duk inda ya taka sai sawunsa ya fito sarai. Tana kallon bayansa. Yana tafiya yadda ya saba, yana tsayawa, yana karkata kai kamar mai saurare. Amma yanzu da ta sani, ta ga idonsa ne ke aikin: inda ya ga ja ko kumburi nan yake sa alama, inda fuskar kwano ta yi kyau sai ya wuce. Da suka dawo bakin tsani ta waiwaya. Alamomin da ke kan wannan ƙaton rufi ba su kai na shagon tayoyi ba.

"Rufin ya fi yadda ake faɗa kyau," ya ce da ƙarfi. "Ku hawo."

Dagoberto ya hawo yana haki. Nilson ya biyo shi da bokitai biyu cike da jan fenti, ya ajiye, ya gyara wando, ya sake ɗauka. Ya ɗaga ƙafa zai shiga.

"Nilson, tsaya."

"Me kika manta?"

Mahaifinta na kallonta, ba kallon fushi ba, kallon roƙo, wanda ya fi fushin ciwo. Ta kawar da kai ta ce, "Baba ba ya jin ƙafarsa. Duka biyun. Waɗannan alamomin da ido ya sa su."

Dagoberto ya fashe da dariya. "Ke 'yar nan, da safen nan? Ko kun yi faɗa ne a gida kika biyo shi da shi rufi?"

"Kawu Dago, ka tambaye shi."

"Me zan tambaya? Mutumin da ke jin kwano na tari tun daga tsani?" Ya juya wajen amininsa yana jiran ya taya shi dariyar. Eudoro ya dubi ƙafafunsa. Nilson ya sauke bokitan a hankali.

"To shi ke nan, a kashe maganar," in ji Dagoberto, muryarsa ta ɗan sauya. "Zauna, mutumina. Rufe ido, mu kunyata yarinyar nan mu kama aiki, rana na yi."

Da ya ƙi, da ƙila an rabu a haka, kowa da zarginsa. Amma Eudoro mutum ne mai girman kai, kuma da alama har lokacin yana zaton akwai sauran abin da ya rage a ƙafar. Ya zauna a bakin rufin, ya miƙe ƙafafu, ya ja hula ya rufe fuska. Dagoberto ya ɗauko buroshin waya, wanda ke ɓare tsatsa daga ƙarfe, ya goga masa a tafin dama. Ya sake gogawa da ƙarfi, har fatar ta yi fari. Ya koma ta hagu.

Daga ƙarƙashin hular Eudoro ya ce, "To ku fara mana. Me kuke jira?"

Babu wanda ya amsa. Shirun ne ya gaya masa. Ya ɗaga hular, ya ga buroshin a hannun amininsa, ya ga tafin ƙafarsa. Ya miƙe, ya juya ya kama tsani ya sauka, yana duban kowane mataki kafin ya taka, abin da Omaira ba ta taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba. Bai tafi gida ba, don mota ɗaya suka zo. Ya shiga cikin siton ya zauna a kan buhu.

Suka nemo dogayen katakai suka shimfiɗa, suna kankara suna ja, aikin da ya kamata a yi a tsaye ya koma rarrafe. Babu wanda ya ce mata sannu. Nilson da ta tsare wa rai, shi ne ya fara magana, kansa a ƙasa yana goga: "Da a gida kika gaya mini. Da ni na san yadda zan yi da shi, ba a gaban mutane ba."

"Wane mutane? Mu uku ne."

"Dago mutane ne. Kafin yamma duk unguwa ta ji."

"Ni ba zan faɗa wa kowa ba," in ji Dagoberto, alhali shi kansa ya san zai faɗa. Ya daɗe yana kankarar wuri ɗaya. "Amma fa ke ma, Omaira. Shekara nawa yana yi, ko kare bai taɓa faɗawa a bayansa ba. Ƙila da gwiwar yake ji, kamar yadda wasu ke yi. Ƙila rufin nan lafiyarsa ƙalau, kin yanka tsoho a banza."

Maganar nan ta zauna mata a ƙirji. Da rana ta take, kwano ya fara ƙona hannu, mazan suka sauka cin abinci wajen matar da ke soya wainar masara da ƙwai a bakin ƙofa. Ba su kira ta ba, ita ma ba ta bi su ba. Ta zauna a kan katako tana duban sawun mahaifinta da ya miƙe har ƙarshen rufin, ƙurar ta bushe da shi.

In akwai kwano ɗaya ruɓaɓɓe a layin nan, to ta yi daidai. In babu, to Dagoberto ne ya yi gaskiya. Ta san hanyar hankali ita ce ta ja katako ta bi layin da sandar ƙarfe tana bugawa. Amma 'yar Eudoro ce, a gidansu da ƙafa ake tambayar rufi, sanda ta masu koyo ce. Ta cire takalmi ta sauka daga kan katakon.

Zafin ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa. Ta sa ƙafa a sawunsa na farko, kwanon ya ture ta, lafiyayye. Na gaba ma haka. Ta ci gaba, kowane kwano mai kyau da ta taka sai ranta ya ƙara ɓaci. Can tsakiyar rufin ta gane abin da take yi: addu'a take a samu ruɓaɓɓe. Kunya ta kama ta, amma ba ta tsaya ba. Ta fara takawa da ƙarfi, tana danna diddige, tana hawaye ba ta share ba. Ta wuce inda ya tsaya ya karkata kai da safe, ta wuce alamar da ya sa a gefe, duk lafiya. Ƙarshen rufin ya matso, ta soma tunanin da wane baki za ta ba shi haƙuri.

Sai ta ji shi, ɗan ɓurɓushin nan a ƙarƙashin tafin dama, daidai yadda ya sha kwatanta mata. Ta ji shi sarai, amma ta riga ta saki nauyinta.

Kwanon ya buɗe ba tare da wata babbar ƙara ba. Ta zurma har ƙirji, hammatarta ta maƙale a sandar ƙarfen da ke ƙasa, ƙafafunta na reto a iska. Bakin kwanon ya tsaga mata cinya tun daga gwiwa. Kafin zafin ya iso, abin da ya fara zuwa mata daɗi ne, wani mugun daɗi, na wanda aka ƙaryata gaskiyarsa ta fito. Sannan ta leƙa ta gefen ramin.

Mahaifinta na tsaye can ƙasa a kan siminti, daidai saitinta, ya ware hannaye sama. Garin tsatsa na zubo masa a fuska bai ko ƙifta ba. Da ta saki, da su biyun za a kwasa, kuma ya sani. Yana kiran Nilson da wata murya da ba ta taɓa jin irinta a bakinsa ba.

Da katakai suka iso gare ta, Nilson na rarrafe yana kiran sunan duk waliyyin da ya sani. Shi ya goya ta ya sauko da ita. Suka kwantar da ita a kan buhuna kusa da ƙofa. Eudoro ya yage rigarsa ya durƙusa yana ɗaure mata cinya, jini na ɓullowa ta cikin ƙyallen. Can gefe guntayen kwanon da suka zubo sun watse a siminti, sun zama gari.

Bai ɗago ba ya tambaya, a hankali, "Na sa alama a wurin?"

Dagoberto ya yi caraf ya amsa. "Ka sa mana. Ni na ga farin a gefen ramin da idona. Yarinyar ce ba ta duba ba, rana ta kashe mata ido." Ya zungure Nilson da gwiwar hannu. Nilson ya dubi ƙasa, Dagoberto ya juyo wajenta. "Ko ba haka ba, Omaira? Gaya wa babanki, hankalinsa ya kwanta."

Sai a lokacin Eudoro ya ɗago ya dube ta. Tsatsa ta cika masa gira da gashin baki, hawaye sun yi hanya a ciki. Ta ga yana so ta ce e, yana so fiye da yadda ya taɓa son wani abu a wurinta. Kalma ɗaya ce, babu mai ƙaryata ta, shaidar ta zama gari. Ta kuma san in ta faɗe ta, kafin mako ya zagayo zai sake cire takalmi a gindin wani tsani, Dagoberto zai ce ai da gwiwa yake ji, Nilson zai ɗauki bokitansa ya bi shi.

Ta ce, "Babu alama, Baba. Sawunka ne kawai a wurin."

Dagoberto ya juya baya ya fita. Eudoro ya gyaɗa kai, ya koma kan ɗaurin. Ya ja ƙyallen ya ƙulle da kyau, ya duba ko jinin ya tsaya, ya ƙara wani ƙullin a kai. Sannan ya dafa buhu ya miƙe.

"Ɗauke ta, Nilson. Ku kai ta asibiti, a yi mata allurar tsatsa."

Nilson ya sa ta a gaban mota, Dagoberto ya haye baya wajen bokitai. Injin ya tashi. Omaira ta leƙo ta taga, ta ga mahaifinta bai motsa daga bakin ƙofar siton ba.

"Baba, shigo mana. Akwai wuri."

"Ku tafi," ya ce. "Motar ma'aikata ce."